Keken ƙafa ko indastiriyal: wanne ya kamata sabon tela ya fara saye a Garwa, Marwa ko Njamena?

Yaron da ya gama koyon ɗinki maigidansa ya sallame shi, da matar da ta kwashi adashi tana so ta kafa keke a ɗakinta, tambaya ɗaya ke damunsu. A sayi baƙin keken nan na ƙafa a fara aiki gobe, ko a ƙara haƙuri a tara kuɗi a sayi babban na wuta, wanda ake kira indastiriyal? Mai sayarwa zai ce a ɗauki babban, domin ribarsa ta fi a can. Abokai ma haka za su ce, don shagon da ke da shi ya fi kwarjini a idon mai kawo ɗinki. Duk ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su ne za su zauna a shagon ana jajiberin salla ba, shadda goma sha biyu a rataye an yanka, wuta ta ɗauke tun la'asar.

Shi ya sa kafin a yi maganar keke, sai an yi maganar wuta.

Wutar Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai kudu da Garwa. An gama gina ta a 1982, injinanta huɗu ne, ƙarfinsu duka megawat 72. Idan rani ya yi nisa ruwan tafkin ya ja baya, wutar da ake samu sai ta ragu, a koma rabon ta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma da rana suka fi amfani, tela kuwa a lokacin cunkoso da dare yake aiki. Ga shi a shekarun nan azumi da salloli biyun duk tsakanin Fabrairu da Yuni suke faɗowa. A cikin waɗannan watannin ne kuma ake ɗinkin atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, da kayan maci na ranar matasa, 11 ga Fabrairu, da na ranar ƙasa, 20 ga Mayu. Wato lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da wuta ta fi ƙaranci. A Njamena da Kusiri ma duk wanda ya yi bazara ɗaya ya san yadda abin yake. Saboda haka kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka je unguwar da za ka kama rumfa, ka tambayi mai niƙa da mai walda da mai sayar da ruwan sanyi: awa nawa wuta ke zama a watan Afirilu, kuma idan ta zo, da ƙarfi take zuwa ko ƙwan fitila ja yake yi? Amsarsu ta fi ta mai sayar da keke amfani a gare ka.

Baƙin keke

Yawancin baƙaƙen kekunan da ke kasuwanninmu, Butterfly da ire-irenta daga Sin, an kwaikwaye su ne daga tsohuwar ƙirar Singer mai lamba 15, wadda ta haura shekara ɗari. Wannan tsufa shi ne ƙarfinta. Babu garin da za ka shiga, daga Figil zuwa Yagwa, ka rasa wanda ya san cikinta. Ƙoshiya, kwarkwaro, farantin allura, haƙora, igiyar fata, duk a teburin masu kayan ɗinki ake samunsu, kuma na wannan kamfani yakan shiga na wancan.

Yadda take ɗinki shi ne ƙugiyar da ke ƙasa, mai kama zaren allura, tana kai da komowa, ba ta zagayawa gaba ɗaya. Wannan ya sa gudunta ke da iyaka. Ƙafa mai ƙwari takan kai ɗinki 600 zuwa 800 a minti, fiye da haka sai keken ya fara rawa, zare ya fara tsinkewa. Allurarta mai shafaffen gindi ce a gefe ɗaya, a jikin takardarta za ka ga HA×1 ko 15×1. A yawancin Butterfly gefen da ya shafe dama yake kallo, zare kuma daga hagu yake shiga, amma wasu tsofaffin Singer akasin haka ne. Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce, dogon kwarin da ke jikin allura yana fuskantar wajen da zare ke shigowa. Rabin kekunan da ake cewa “ya ƙi ɗinki” allura ce aka sa a juye, ko ba a tura ta har ƙarshe ba kafin a ɗaure.

Abin da baƙin keke ke nema a wurinka kaɗan ne, amma kullum ne. Ba shi da tukunyar mai, don haka kowace safiya sai ka ɗiga masa farin man keke, ɗigo ɗaya a kowace kafa ta sama, ɗigo ɗaya a hanyar da ƙugiya ke bi, sannan ka ɗinka tsumma kafin ka sa kayan mutane. A lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da burbushin yadi da mai, su daskare a ƙarƙashin haƙora kamar tuwo. Sau ɗaya a mako ka kwance sukurori biyun da ke riƙe da farantin allura ka share. Idan keken ya yi nauyi ƙwarai, a wanke shi da kananzir, a taka shi ba zare na 'yan mintoci, a goge, a sa sabon mai. Kada a kuskura a sa man gyaɗa ko man auduga na girki. Ranar farko keken zai yi laushi, bayan wata ɗaya man ya bushe ya zama ƙaro, sai makaniki ya kwance komai. Baƙin man mota ma bai dace ba, yana da kauri kuma yana ɓata farar shadda.

Igiyar fata tsawonta wajen santimita 180 ne, zafin bazara yana busar da ita, amfani kuma yana miƙar da ita. Idan ka ga ƙafa na tafiya allura na jinkiri, ka ɓalle ƙarfen da ya haɗa bakinta, ka yanke santimita ɗaya kawai, ka huda sabuwar kafa da ƙusa, ka mayar. Masu gaggawa sukan yanke uku su ɗaure ta tamau, sai tako ya yi nauyi, gwiwa ta yi ciwo, bushin ɗin keke ya cinye da wuri.

Aibinsa a fili yake. Miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi. Ɗaga madannin yadi da hannu ne, saboda haka duk kwana sai ka saki yadi. Idan aka ninka kaki ko jins gida shida, kamar a mahaɗar ƙafar wando, sai ka taimaka masa da hannu a kan wili, in ba haka ba allura ta karye. Wasu ƙirar ma ba su da komawa baya, sai an juya yadin kafin a kulle ɗinki, don haka a duba wannan tun a shago. Sannan akwai gajiya. Wanda ya taka keke daga hantsi zuwa sha biyun dare, sati uku a jere kuma da azumi a bakinsa, ya san abin da bayansa da ƙwaurinsa ke faɗa masa.

Akwai wani alheri nasa da ba a cika lissafawa ba: yana tafiya. Kan baƙin keke bai kai rabin nauyin na indastiriyal ba. Ana ɗaure shi a bayan babur a kai shi kasuwar Pitowa ran Lahadi ko ta Mokolo ran Laraba, a yi faci da rage wando da kalmasar zane, a dawo da kuɗi a hannu. Ga wanda bai tara masu kawo ɗinki ba tukuna, wannan ba ƙaramar hanyar abinci ba ce.

Ana kuma iya ɗaura masa ɗan ƙaramin injin wuta a baya, mai wat 100 zuwa 150, da abin takawa. Idan wuta ta zo a huta da ƙafa, idan ta ɗauke a mayar da igiyar fata cikin minti ɗaya. Dabara ce mai kyau, muddin ba a ɗauka keken ya zama indastiriyal ba. Ɗan injin yana zafi idan aka matsa masa, gawayinsa biyu suna cinyewa, keken kuma har yanzu da hannu ake ba shi mai.

Indastiriyal

Wannan wata halitta ce daban. A ɗauki Juki DDL-8700 a matsayin ma'auni, domin da yawa daga kekunan Sin da ake sayarwa, masu lamba 8700 ko 8500 a ƙarshen sunansu, a kan wannan tsari aka yi su. Kansa kaɗai kilo 28 ne. Ƙugiyarsa zagayawa take yi, iyakar gudunsa ɗinki 5,500 a minti, tsawon ɗinki har milimita 5. Akwai abin turawa da gwiwa da ke ɗaga madanni har milimita 13, hannuwanka biyu ba sa barin yadi. Wanda ya saba da wannan gwiwar, da wuya ya so komawa. Ɗinkinsa kuma ya fi daidaita, musamman a dogon layi na babbar riga ko gandura, inda ido ke saurin kama karkata.

Allurarsa DB×1 ce, gindinta zagayayye, babu gefen da ya shafe da zai nuna maka hanya. Dogon kwari hagu, ɗan lotsin da ke saman ido dama, wajen ƙugiya. Ko kaɗan ta karkace, sai keke ya fara tsallake ɗinki. Kuma allurar baƙin keke ba ta shiga nan, kwarkwaronsu ma ba ɗaya ba ne, ko da ido ya ga kamar sun yi kama.

A ƙarƙashin kan akwai kaskon mai da layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Famfo ne ke jan man ya watsa shi ciki, kana kuma ganin yana tsalle ta ɗan gilashin da ke saman keke. Idan kana gudu ba ka ga mai a gilashin ba, tsaya. Ko man ya yi ƙasa, ko ragar famfon ta toshe da ƙura. A garuruwanmu man da ya kamata ya zauna fari yakan koma ruwan shayi kafin rani ya ƙare, don haka a canza shi duk bayan hunturu, a goge kaskon tas, a kuma riƙa rufe keken da zane kowane dare. Akwai gwajin da kowane tela ya kamata ya iya: a cire yadi, a bar keke ya yi gudu ya ɗumama, a sa farar takarda ƙarƙashin ƙugiya na daƙiƙa biyar. Siririn layin mai ya kamata a gani. In babu komai, ƙugiya za ta yi zafi ta cinye. In takardar ta jiƙe, zaren ƙasa zai riƙa fitowa da mai ya yi wa shaddar mutane tabo. Akwai ɗan sukuru a kusa da ke ƙara man ko rage shi.

Abin da ya fi kai indastiriyal wurin makaniki shi ne saitin ƙugiya. Idan allura ta kai ƙasa ta taso kamar milimita 2, bakin ƙugiya ya kamata ya iso daidai tsakiyarta, ɗan sama da ido, tazararsu kuma ba ta wuce kaurin takarda ba. Allura ɗaya ta daki zif ko fil da gudu, wannan saitin ya goce, ko bakin ƙugiya ya yi kaushi ya dinga yanke zare. Gyaran ba shi da wuya ga wanda ya iya, amma a ƙaramin gari mai yiwuwa mutum ɗaya ne ya iya, kuma mako biyu kafin salla kowa shi yake nema.

Gudun ma yana da nasa sharrin. A kan yadin roba allura takan yi zafi har ta narkar da zare. A kan boyel da lafaya, idan haƙora manya ne kuma ramin faranti mai faɗi, yadin sai ya tattare ko keke ya haɗiye shi. Maganinsa allura lamba 9 ko 11, faranti mai ƙaramin rami, a sassauta madanni. Shadda mai maiƙo kuwa ba ta yafiya: duk inda allura ta huda, ko an farke ɗinkin ramin na nan. Mai koyo da ya ɓata layi da gudun 4,000 ya huda rabin mita kafin ya ɗaga ƙafa. A shadda a sa sabuwar allura lamba 14, tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2.5, a tafi a hankali. Kaki da jins lamba 16 ko 18. Wanda aikinsa tamfol ne ko jakunkuna ko kujerun babur, ya nemi ƙirar da ke da harafin H a ƙarshen lambarta, ko ma wani keken dabam mai madanni biyu da ke tafiya da yadi. Na yau da kullum ba don wannan aka yi shi ba.

Injin da ke ƙarƙashin tebur

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren da ya fi tsada, domin suna kallon sunan da ke jikin kai su manta da abin da ke juya shi.

Iri na farko shi ne tsohon injin kuloci, mai nauyi, yawanci wat 250 ko 400. Da ka kunna shi yake juyawa yana gurnani, ko kana ɗinki ko kana yanka ko kana ciniki da mai kaya. Mitar wuta na tafiya duk wannan lokacin. Sa'ad da zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsa, shi ya sa ƙaramin janareta, gurub ɗin nan mai wat 650 zuwa 900, yake shaƙewa idan aka kunna shi. Idan wuta ta zo da rauni sai ya tsaya yana ƙugi yana zafi, a bar shi haka kuma wayarsa ta ƙone. Kirkinsa ɗaya ne, kuma babba ne: duk mai naɗin waya da ke gyara fanka da famfon ruwa zai iya sake naɗa shi. Akwai mai juyi 2,850 a minti, akwai mai 1,425. Ga telan unguwa na biyun ya fi, kuma idan na farkon ne a hannu, a sa masa ƙaramar fule, wato wilin da bel ke hawa, gudun ya ragu. Bel ɗinsa idan ka danna tsakiya da yatsa ya lotsa santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya yi daidai.

Iri na biyu shi ne sarbo, a jikin kwali za ka ga an rubuta Servo. Ba ya juyawa sai ka taka, ba ya ƙara, kuma kana iya ƙayyade masa gudu da maɓalli, ka rage wa almajiri ka ƙara wa kanka. Wat 550 da aka rubuta a jikinsa iyakarsa ce, a ɗinkin atamfa da shadda ba ya kusantar haka. Wannan ne ya sa shi kaɗai ke tafiya da sola ba tare da an kashe dukiya ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya a lissafi, amma idan na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya daɗe. Wannan rabin ya isa keke ɗaya mai sarbo da ƙwan fitila biyu su yi aikin dare mai kyau. Sharaɗin shi ne inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta zama mai tsabtatacciyar wuta, ta kai wat 1,000. Mai araha da wutarta ke da kaushi tana cin akwatin sarbo. Kada kuma a haɗa dutsen guga na lantarki a wannan layi, shi kaɗai yana shan wat 1,000 ko fiye. Guga a bar wa na gawayi.

Raunin sarbo a akwatinsa yake. Wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ko janaretan da mai ya ƙare masa yana sama yana ƙasa, suna iya ƙone shi nan take. Saboda haka wanda ya sayi sarbo bai gama saye ba sai ya haɗa da regilatar wuta, sitabilaiza, mai ƙarfin 1,000. A kuma saba da kashe keke da zarar wuta ta ɗauke, a bar janareta ya daidaita kafin a kunna, a kashe keke kafin a kashe janareta.

Sababbin kekuna irin su Jack, da yawansu injin a cikin kai yake, babu bel sam. Suna da daɗin aiki, da fitila a kan allura, wasu har zare suke yankewa da kansu. Amma idan allon cikinsu ya ƙone, keke ya kwanta sai an samo irin nasa sak, wataƙila daga Duwala ko Kano. Mai bel kuwa, in sarbonsa ya mutu, a cire a ɗaura wani ko wane iri ne, ko a ari tsohon kuloci a ƙarasa aikin salla. Ga wanda ke Garwa ko Njamena kusa da dillalin da ke ajiye kayan gyara, mai inji a ciki ba laifi. Ga wanda ke Mora ko Kaele ko wani gari a Mayo Kebbi, mai bel da sarbo a ƙasa ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Gudun nan, nawa yake kawowa?

A yi lissafi. Ɗinki mai tsawon milimita 2.5, mita ɗaya ɗinki 400 ke nan. A ƙaddara kaftani da wando suna da layin ɗinki mita 20 gaba ɗaya, wato ɗinki 8,000. Keken ƙafa a 600 zai yi su cikin minti 13 da 'yan kai. Indastiriyal a 3,000 bai kai minti 3 ba. Abin da aka rage minti goma ne, a kayan da ke cin awa uku ko huɗu tsakanin awo, yanka, manna sitif, guga, wuya, aljihu da maɓallai. A ƙara da sauƙin gwiwa da rashin gajiya, a ce rabin awa. Wanda ke samun kaya biyar a mako, wannan rabin awar ba za ta biya masa bambancin kuɗin ba ko a shekara biyu. Matsalarsa masu kawo ɗinki ce, ba gudu ba.

Lissafin yana juyewa idan aikin dogon layi ne mai maimaituwa: kayan makaranta ɗari biyu kafin komawa a Satumba, labule, zanen gado, hijabai na sari, atamfar ƙungiya ko ankon biki. A nan yanka ɗaya ake yi a ninke, sauran duk ɗinki ne, kuma indastiriyal zai fitar da ninki biyu ko uku na abin da ƙafa za ta fitar a yini. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka duba littafin awonka na wata shida. Sau nawa ka mayar da aiki, ko ka saɓa alkawari, saboda keke ya kasa? Idan ya faru a kowace salla da kowace komawa makaranta, kuɗin da ka rasa ka auna shi da bambancin farashin. A ce bambancin jaka 150 ne da regilata da komai, kana kuma mayar da kaya 30 a shekara masu ribar jaka 3 kowanne. Jaka 90 ke nan, cikin shekara biyu keken ya fanshi kansa. Ka sa naka alƙaluman a wurin waɗannan.

Akwai kuma masu cewa a tsallake duka biyun a sayi keken aiki, wato na surfani, mai zigzag irin Singer 20U ko Bernina 217, ko Cornely mai hannu a ƙasa, tunda kuɗin kayan maza a wuya da aljihu yake. Gaskiya ne kuɗin na can. Amma surfani sana'a ce mai zaman kanta, sarrafa faɗin zigzag da gwiwa yayin da hannu ke juya yadi yana ɗaukar watanni. Kusan kowace kasuwa akwai masu aiki da ake kai wa a biya su kan kowace riga. Sabon tela ya kai musu. Ga mai ɗinkin mata kuwa, abin da ya fi cancanta ya zo na biyu shi ne keken kashe bakin yadi mai zare uku, domin mace takan juya riga ta duba ciki kafin ta biya.

A wurin saye

Ka tafi da ƙyallayenka: shadda ninki huɗu, boyel fale ɗaya, da bakin tsohon jins. Ka ɗinka su da kanka, a hankali da kuma da gudu, gaba da baya. Juya ka duba ƙasa. Idan zare ya yi kumbo a ƙasa, matsin zaren sama ne ya yi sako, ko ba a bi da zaren daidai ba, wannan ƙaramin abu ne. Idan an daidaita ya ci gaba da tsallake, a bar shi.

Kayan hannu, na Japan na asali da aka kula da shi yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba, sai dai ana manna suna. Sunan da aka liƙa da takarda ko aka fesa ba hujja ba ne, a duba farantin lamba da aka dasa a jikin ƙarfe. Ka kama sandar allura ka girgiza ta gefe da gefe, kada ta yi wasa. Ka shafa bakin ƙugiya da farce, ka duba ko haƙora sun shafe. Sabon fenti a kan tsohon keke dalili ne na ƙara bincike. A baƙin keke ka cire igiya ka taka, babban wili ya yi ta juyawa shiru bayan ka ɗaga ƙafa. Ƙafafun ƙarfen zubi sun fi na bututu zama daram, amma a duba tsagewa, don waldarsu ba ta cika riƙewa ba. Teburin garin katako da aka matse yana kumbura idan damina ta shigo rumfa, kuma sukuru ba ya sake kama shi. Araha ba ta ado a nan.

Wanda aka kawo daga Duwala ta Ngaundere, ko daga Najeriya ta Mubi ko Yola, ya sha girgiza a hanya. A zubar da man kasko kafin a ɗora shi a mota, a raba kai da tebur, in ya iso kuma a sa makaniki ya duba saiti kafin a taɓa kayan kowa. A ciniki ka nemi a haɗa maka da ƙoshiya ta biyu, kwarkwaro goma, allura lamba 11 da 14 da 16, da lita ɗaya ta mai.

Ga wanda yanzu zai fara, ko wadda za ta yi ɗinki a gida, ko duk wanda ke unguwar da wuta ba ta da tabbas, baƙin keke mai kyau shi ne na farko, ragowar kuɗin a sa a almakashi na ƙwarai, teburin yanka, dutsen guga da hayar wata uku. Wanda littafinsa ya nuna aiki ya fi ƙarfin ƙafarsa, ya sayi indastiriyal mai bel da sarbo da regilata, in da hali ya ƙara batir. Kuloci sai ga mai wuta tsayayya da ya same shi da arha ƙwarai. Ranar da babban keken ya shigo shago kuma, kada a sayar da baƙin don a cike kuɗi. A matsar da shi kusa da ƙofa inda haske ke shigowa, almajiri ya riƙa koyo a kansa yana ba shi mai kowace safiya, a kuma sayi igiyar fata ɗaya a ajiye a aljihun tebur tun kafin watan azumi ya kama.